Farashin Gwamnati da Farashin Kasuwa: Tarihin Cinikin Sabuwar Fijo Daga Kakuri Zuwa Ƙasar Gwandu

A ƙa'idar ciniki da kowa ya sani, mota tana fara rage daraja ne tun daga ranar da aka ɗaura mata lamba. Wanda ya saye ta dal ya hau wata uku, in ya mayar da ita kasuwa sai ya yi haƙuri da ragi, domin ta zama ta hannu. To amma an yi wani zamani a ƙasar nan, daga 1975 zuwa 1986, da al'amarin ya juye. Mutum zai biya kuɗin sabuwar mota da hantsi bisa farashin da gwamnati ta yanke, kafin la'asar ya sayar da ita da ribar da ta fi albashinsa na wata da watanni, alhali kuwa ko mabuɗinta bai taɓa ba. Wani ma bai biya ko kwabo ba, takardar da ke ɗauke da sunansa kawai ya sayar.

Wannan ba irin tashin kuɗin mota da aka gani bayan faɗuwar naira a 2023 ba ne, inda motar ba ta ƙara komai ba, kuɗin ne suka rage nauyi. A farkon wancan zamani naira da ƙarfinta, har ta fi dalar Amurka. Abin da ya faru shi ne mota ɗaya ta kasance tana da farashi biyu a rana ɗaya a gari ɗaya: na gwamnati, wanda ake bugawa a jarida, da na kasuwa, wanda ake faɗi da murya ƙasa-ƙasa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce wannan maƙala take son bi, ta ga inda ta fito, da aljihun da ta shiga, da yadda ta iske mutanenmu na Gwandu da Kalgo waɗanda ke can ƙarshen layi. Na ga ya dace a kawo zancen a wannan mujalla ne domin marubutanmu na ƙagaggun labarai ba su gajiya da ɗora taurarinsu a kan sabuwar mota, amma da wuya mai karatu ya ga wanda ya tsaya ya gaya masa ta wace hanya Alhajin ya same ta.

Kuɗi sun riga mota isowa

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu na Ingila ta koma hannun dama, irin na maƙwabtanmu Nijar da Dahome. Wannan ya buɗe wa motocin Faransa da Jamus hanya. A watan Disamba na shekarar aka yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria rajista, watau PAN, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, aka kuma zaɓi Kakuri a Kaduna don gina masana'antarsa. A Legas kuma aka kafa ta Volkswagen. Dukansu biyu sun fara fitar da mota a 1975.

Kafin su fara, kuɗi sun riga sun cika gari. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973 ya ɗaga kuɗin gangar ɗanyen mai daga wajen dala uku zuwa kusan dala goma sha biyu cikin 'yan watanni. Sa'an nan hukumar Cif Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, gwamnatin Janar Gowon ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka fara biya a Janairun 1975 tare da ariyas na wata tara. Ƙaramin ma'aikaci da ke ɗaukar naira 312 a shekara ya koma 720. Daga nan ne kuma aka samo matakan albashi na 01 zuwa 17 da muke ta jayayya a kansu a ɗakin malamai. Duk wanda ya kai matakin manyan ma'aikata yana da damar karɓar bashin mota, a riƙa cira a albashinsa kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa ba shi alawus na riƙon motar kowane wata. Saurayi ya fito daga jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya kama aiki a mataki na 08, abin da ya fara cikawa bayan takardar kama aiki shi ne fom ɗin bashin mota. Na ƙasa da shi suna da bashin babur ko na keke.

Watau dubban mutane sun sami kuɗin mota a lokaci guda. Ita kuwa mota ba a shuka ta. Masana'antar Kakuri ba ƙera mota take yi daga tushe ba, harhaɗawa take yi, ana aiko mata da sassa cikin akwatuna daga Faransa. Tashar jiragen ruwa ta Legas kuwa a 1975 ta cushe da jiragen siminti sama da 400, saboda odar tan miliyan ashirin da ma'aikatun gwamnati suka yi. Da abin ya gagara, sai aka koma ɗauko sassan Fijo ta sama: jiragen kaya na kamfanin UTA suna tashi daga Liyon su sauka a Kano, manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. Mai karatu ya auna ƙasar da ake kawo wa ƙofofin mota da injuna a jirgin sama, ya san lallai kuɗi sun yi mata yawa.

Ƙari a kan wannan, ita kanta gwamnati ta shiga layi, kuma a gaba ta tsaya. Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta riƙe tsarin rage alfahari, motar ofis ta zama Fijo 504 tun daga kan Shugaban Ƙasa. A shekarar ce jihohi suka koma 19, Jihar Arewa maso Yamma ta rabu aka sami Jihar Sakkwato da ta Neja, aka kuma kafa ƙananan hukumomi kusan ɗari uku. Kowace sabuwar ma'aikata tana son motoci, haka soja da 'yan sanda da jami'o'i. Abin da suka rage shi ne na jama'a. Motocin waje kuma aka tsananta musu haraji da lasisi domin a kare na gida. Ita 504 ɗin ba abar rainawa ba ce: ta fito a 1968, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma duk direban da ya bi hanyar burji da ita ya san dalili.

Doka ta yanke, kasuwa ta yanke

Gwamnati ta san cewa kaya kaɗan da masu saye da yawa tsada suke haifarwa, saboda haka ta sa hannu. Tun 1970 akwai dokar ƙayyade farashi da hukumar da ke lura da ita. A 1977 aka sake sabuwa mai tsanani, aka jera kayan da ta shafa: kekuna da kayan gyaransu, fulawa, ashana, madara, babura, motoci da kayan gyaransu, man fetur da dangoginsa, gishiri da sukari. Wanda ya sayar sama da farashi, ko ya ɓoye kaya, hukuncinsa tara ko ɗauri, a ƙwace kayan, a kuma iya rufe shagon. Kowace jiha tana da kwamitinta da sufetocinta.

Niyyar ba mummuna ba ce. Sai dai doka ta yanke kuɗin mota, ba ta ƙara yawan mota ba. In mutum goma suna son abu ɗaya, aka hana su yin takara da kuɗi a fili, dole a sami wata hanyar zaɓen wanda zai samu. Hanyar da aka samu ita ce rabo: masana'anta ta ba manyan dilolinta kaso, irin su SCOA, su kuma su rarraba wa rassansu da ƙananan diloli, diloli su rubuta sunayen masu jira. Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ƙara yawan 'yan ƙasa cikin wannan sana'a, abin da yake daidai ne a kan kansa. Amma da siyasa ta dawo a 1979, zama dilan Fijo ya shiga cikin abubuwan da ake saka wa magoya baya da su, kamar lasisin shigo da shinkafa. Aka sami diloli waɗanda ba su da gareji, ba su da makanike ko ɗaya, ba su da ko rumfar ajiye mota. Jarinsu kaf shi ne takardar kaso.

Daga nan takarda ta zama haja. Mu ƙaddara, don misali kawai, farashin gwamnati naira dubu shida ne, a kasuwa kuma akwai mai biyan dubu takwas yau-yau. To wannan takarda da ke cewa a ba wane mota ɗaya darajarta naira dubu biyu ke nan, kusan albashin shekara uku na wancan ƙaramin ma'aikaci mai 720. Ba a shuka ta ba, ba a ɗauko ta daga nesa ba, sa hannu ne kawai na wani mai alƙalami. Kuma tana iya bin hannu uku ko huɗu kafin ta isa ga wanda zai hau motar, kowane hannu ya gutsuri nasa.

Dattawan da suka yi aiki a wancan lokaci, waɗanda yawancinsu yanzu fansho suke jira, suna ba da labarin dabarun da ake yi wa doka, kuma labarin nasu ya yi kama da juna ko a Gwandu ka ji shi ko a Birnin Kebbi. Ka je wurin dila da cakin bashinka, a karɓe ka hannu biyu-biyu, a rubuta sunanka, a ce ka dawo bayan wata biyu. Ka dawo a ce kaso bai iso ba. Kuɗinka kuwa suna can ana juya su. Kana fitowa sai wani ɗan ka-yi-na-yi da ke zaune gindin bishiya ya biyo ka, ya ce, "Malam, wagga mota da kaka jira ba ta zuwa bana. Amma akwai wani bawan Allah da ad da takarda, in kana iya ƙara goro." In ka yarda, rasit zai fito da farashin gwamnati daidai, ba ragi ba ƙari, shi kuwa goron a hannu ake ba da shi, ba shaida. Wata dabarar ita ce a ɗora wa motar kayan da ba ka nema ba, rediyo da rigar kujera da kafet da garkuwar gaba, a yi musu kuɗin da aka ga dama, tunda doka ba ta san kuɗin rigar kujera ba. Wadda ta fi duka wayo ita ce a yi wa motar rajista da sunan wani yaron gida, a zaga gari da ita, ta zama ta hannu a takarda. Mai mota kuma yana da ikon ya sayar da abinsa yadda suka daidaita da mai saye. Ta haka ne aka wayi gari ta hannu ta fi sabuwa tsada.

Mai suna da mai kuɗi

A nan ne labarin ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Gwandu da Kalgo a lokacin suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yi Jihar Kebbi. Fayil ɗin bashin mota a Sakkwato yake, manyan shagunan mota suna Sakkwato da Kaduna da Kano. Malamin makaranta a Gwandu in zai bi sawun fayil ɗinsa sai ya nemi izini, ya fita ta Tambuwal, ya kwana a birni, sau da yawa ya komo hannu rabbana. Wanda ke zaune kusa da ofis yana leƙawa kullum, shi ke jin ranar da tirela ta sauke motoci. Nisa da kansa haraji ne, kuma mu muka fi biyan sa.

Masu son mota a wannan yanki iri biyu ne. Akwai ma'aikaci: hedimasta, malamin gona, malamin asibiti, alƙali, akawun ƙaramar hukuma. Shi yana da suna a ofis, yana da damar bashi, amma ba shi da tsabar kuɗi. Akwai kuma ɗan kasuwa: falken Jega, dillalin shanu, manomin albasa na Gwandu ko Aliero da kaka ta yi wa kyau, direban da ya gaji da yi wa wani tuƙi. Shi yana da kuɗi a ƙarƙashin gado, amma ba wanda ya san sunansa a kowace ma'aikata, kuma fom ɗin ma da Turanci yake. Tsarin rabo ya ba na farko dama, buƙata ta gaskiya kuwa tana wurin na biyu. Ga ma'aikaci mota ado ce da mutunci. Ga direban da ke son wagon mai cin fasinja bakwai, ko akori-kura ta ɗaukar buhuna daga kasuwa zuwa kasuwa, mota gona ce. Kowane mako da ya yi yana jira asara ce da zai iya lissafawa. Shi ya sa ƙarin da ma'aikaci ke gani zalunci ne, direba yana ganin sa araha, domin zai fanshe shi a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza da Kamba kafin damina ta zagayo.

Saboda haka sai aka ƙulla aure tsakanin mai suna da mai kuɗi. Ma'aikaci ya karɓi bashi, ya fito da mota a farashin gwamnati, ya miƙa wa Alhaji, ya karɓi kuɗinta da ƙari. Wani ya gina ɗaki biyu da su, wani ya ƙara aure, wani ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Ana ci gaba da cire bashin a albashinsa, shi kuma yana ci gaba da karɓar alawus na motar da ba ya hawa. In aka ji mai binciken kuɗi zai zo, sai a aiko da motar ta yini a ƙofar ofis. Haɗarin da ke ciki shi ne takardun motar suna nan da sunansa. In ta buge wani a hanyar Jega, ko aka kama ta da kayan fasa-ƙwauri a bakin iyaka, shi za a nema. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Iyaka ma ta ƙara wa wutar itace. Kalgo mararraba ce, hanyar da ta rabu daga nan ita ke kai mutum Kamba, daga Kamba kuwa Gaya ta Nijar tsallake ɗaya ce, Malanbil ta Benin kuma tana hayin kogin Kwara. Da naira ta fara rauni a kasuwar bayan fage a farkon shekarun 1980, alhali a banki tana nan da tsohuwar darajarta, mai riƙe da sefa ya ga kayan Nijeriya sun zama banza. Fetur da taki da kayan masarufi suka riƙa tsallakawa, motar Kakuri ma ba ta tsira ba. Watau malamin Gwandu ba da falken Jega kaɗai yake takara ba, har da na Doso.

A ganina, in za a raba laifi, kason malamin da ya sayar da damarsa shi ne ƙarami. An miƙa masa takarda mai darajar albashinsa na wata da watanni, aka ce ya riƙe ta ya hau, ga 'ya'ya ga dangi. Ɗan kasuwar ma buƙatarsa ya biya da kuɗinsa. Babban kaso yana wurin mai alƙalamin da ke yanke wa zai samu, domin shi ne ke da amfani a cikin dogon layi: duk ranar da layi ya ƙare, cinikinsa ya ƙare. Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. Arahar motar ta samo asali ne daga dala mai araha, dalar kuwa ta man fetur ce, dukiyar kowa da kowa. Manomin gero a ƙauyukan Gwandu yana da haƙƙi a cikinta daidai da babban sakatare, amma shi ba a taɓa rubuta sunansa a kowane layi ba. Abin da ya iso gare shi shi ne kuɗin mota ranar kasuwa, wanda direba ya riga ya lissafa goron da ya biya a ciki.

Malamanmu na zaure ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Sananne ne cewa an yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yanke ba. Wasu malaman Malikiyya sun yi wa shugaba rangwame ya sa baki in 'yan kasuwa suka wuce gona da iri. Hanin sayar da abu kafin a karɓe shi kuwa, a Risala a kan abinci ya fi tsayawa. Don haka ba ribar kanta ce ta fi damun malamai ba. Abin da ba shi da mafita shi ne rasit na ƙarya, da ɓoye kaya ana cewa babu, da karɓar lada a kan alfarmar kujera, da cin alawus na abin da ba ka mallaka ba. A garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, mai littafin Liya'ul Hukkami a kan riƙon amanar jama'a, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Kada kuma a ɗauka halin ɗan Nijeriya ne kawai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta tilasta wa masana'antunta su fitar da mafi yawan motocinsu waje don neman dala, 'yan gida suka shiga jiran shekaru. Daga 1946 ƙungiyar masu cinikin mota ta ƙasar ta sa duk mai sayen sabuwa ya sa hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan wa'adi, wanda ya fara da wata shida, ya koma shekara ɗaya, ya kai shekara biyu a 1950. Diloli na titin Warren a Landan suka riƙa tura mutane su sa hannun su fito musu da motoci, har ƙungiyar ta kai su kotu ta yi nasara a 1949, a shari'ar da aka sani da sunan Salvadori. A Jamus ta Gabas mutum kan jira Trabant fiye da shekara goma, tsohuwa ta fi sabuwa kuɗi. A Indiya haka aka yi da babur ɗin Bajaj, da kuma Maruti da ta fito a Disambar 1983. Ko a kwanan baya, kamfanin Ford ya kai ɗan kokawa John Cena ƙara a 2017 saboda ya sayar da Ford GT kafin cikar wata 24 da ya yi alkawari, Toyota kuma ta sa masu sayen Land Cruiser 300 a Japan suka yi alkawarin ba za su juya ta ba a 2021. Bambancin kawai shi ne a can kamfani ne ke tsaron sunansa, a nan kuwa dukiyar ƙasa ce ke zurarewa.

Yadda kasuwar ta watse

A ƙarshen mulkinta gwamnatin Obasanjo ta soke bashin mota, abin da ya zama ɗaya daga cikin koke-koken ƙungiyar ƙwadago a ƙarƙashin Hassan Sunmonu har zuwa yajin aikin gama-gari na Mayun 1981. Wannan shekarar ce Kakuri ta kai ƙololuwa, ta fitar da mota kusan dubu sittin. Daga nan kasuwar mai ta faɗi. A Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, kuɗin waje na sayen sassa suka yi wuya, yawan motar da ake harhaɗawa ya ragu, goro kuwa ya ƙaru. Shekarun 1982 zuwa 1985 su ne kakar masu takarda.

Janar Buhari da Birgediya Idiagbon sun zo da bulala a 1984. Soja suka fasa rumbunan 'yan kasuwa suka sayar da shinkafa da madara a farashin gwamnati, aka canza launin kuɗi, aka rufe iyakoki daga Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. A 1985 har cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda aka ƙulla da kamfanin SCOA, a ba da ɗanyen mai a karɓi kaya, ciki har da sassan mota. Tsoro ya sa mutane sun rage murya, amma bulala ba ta harhaɗa mota.

Abin da ya kashe cinikin takarda ba ɗan sanda ba ne. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, aka soke lasisin shigo da kaya, aka saki farashi, a watan Satumba kuma aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da ba ta kai naira biyu ba ta haura naira huɗu a zaman farko. Kuɗin Fijo a shagon dila ya tashi ya cim ma na kasuwa, ya wuce, ya ci gaba da ninkawa. Farashi ya koma ɗaya. Layi ya watse, ɗan ka-yi-na-yi ya bar gindin bishiya, motoci suka tsaya a shago suna shan ƙura, domin malamin da a da ake roƙon ya sayar da sunansa yanzu albashinsa na shekaru ba ya sayen ta. Masana'antar da ta fitar da dubu sittin ta koma 'yan dubbai, ta Volkswagen ta durƙushe, haka Steyr ta Bauchi da ta manyan motoci ta Kano da Leyland ta Ibadan. Fijo 504, wadda Faransa ta daina yi tun 1983, Kakuri ta ci gaba da ita har cikin shekarun 2000, yawanci don ofisoshin gwamnati.

Gurbin da sabuwa ta bari ta hannu ce ta cike shi. Da ma tun shekarun 1970 samarin Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo ta Sahara, su bi Tamanrasat da Arlit su sayar a Agadas da Ƙonni da Yamai, har rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa suka toshe hanyar a farkon shekarun 1990. Sai tashar Kwatano ta karɓe, jiragen ruwa suna sauke 'yan Beljiyam dubu-dubu, a ce na Nijar ne a takarda, su hau ta Faraku da Malanbil da Gaya, su sulalo Nijeriya. Kibiya ta juya: hanyar Kamba da a da mota ke fita ta kanta, yanzu ta nan take shigowa, samarin Kalgo da Bunza da yawa kuma tuƙin 'yan Kwatano suka fara ci da shi. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017.

Shi kuwa PAN an sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A 2016 gwamnatin Jihar Kebbi ta shiga cikin masu neman sayen sa, tare da ta Kaduna da Alhaji Aliko Dangote, ko da yake wasu ne suka saye shi a 2020. A 2022 wata sabuwar masana'anta ta Dangote da Peugeot ta fara harhaɗa mota a Kaduna. Dokar 1977 kuma ba a kai ta kabari ba tare da zamaninta. A Fabrairun 2024, bisa ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta dogara da ita ta umarci gwamnati ta yanke farashin kayan da ke cikin jerin nan cikin kwana bakwai: madara, fulawa, gishiri, sukari, ashana, kekuna, babura, man fetur, da motoci har da kayan gyaransu.